Filin Tambaya Da Amsa: Na kai koke majalisa wata bakwai shiru, ina takardata ta maƙale?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan majalisa suke, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wasu na gajarta su saboda wuri, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne da aka sallama ba a biya ni haƙƙina ba, yau shekara huɗu kenan. Wani ya ba ni shawara in rubuta koke zuwa majalisa, na zauna na rubuta shafi tara na ba wa wani yaron ɗan majalisarmu, yanzu wata bakwai ko kira ɗaya ban samu ba. Don Allah ana karanta irin takardun nan kuwa, ko shara ake zubawa? Daga Malam I. B.

AMSA: Malam I., Allah Ya kawo maka mafita. Shekara huɗu mutum yana bin guminsa ba ƙaramin abu ba ne, maganar ta taɓa ni sosai. Amma bari in faɗa maka gaskiya ko da ba daɗin ji, yadda ka kwatanta ɗin nan ina kyautata zaton takardarka ba ta ma shiga majalisa ba tukuna. Ba wa yaron ɗan majalisa takarda daban, gabatar da koke daban. A yawancin majalisun da suka gaji tsarin Ingila, har da ta Najeriya, sai ɗan majalisa ya miƙe a zaure ya ce ga koke daga wane a kan kaza, ya ajiye shi a gaban majalisa, shugaba ya tura shi kwamitin koke-koken jama'a, a rubuta a kundin zaman ranar. Daga nan ne takarda take samun rai, daga nan ne za ka iya bin sawunta. Kafin nan kuwa wasiƙa ce kawai a jakar wani.

In ta isa kwamiti, akawun kwamiti ne zai rubuta wa hukumar da kake ƙorafi a kanta ta kawo nata bayanin, a sa rana, a kira ka a kira su, kowa ya baje hujjarsa a gaban 'yan kwamiti, sannan su rubuta rahoto da shawarwari su mayar zaure a amince ko a ƙi. A Najeriya sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 su suka ba majalisar tarayya ikon bincike da ikon gayyatar mutum, in ya ƙi zuwa har sammacin kamo shi za a iya bayarwa. To nan ne ƙarfin koke yake. Daraktan da ka yi shekara huɗu masinjansa ma bai bar ka ka gan shi ba, ranar zaman nan dole ya zo ya zauna a teburi ɗaya da kai ya amsa tambaya, kuma abin da ya faɗa ana rubutawa. Sau da yawa tun kafin ranar zama ake nemo fayil ɗin da aka ce ya ɓata, saboda ba mai son ya je ya yi kame-kame a gaban jama'a.

Yanzu ga inda koke-koke suke mutuwa, kuma ina roƙonka ka ɗauko kwafinka ka duba. Babba a ciki shi ne mutum ya cika shafi tara da labarin zaluncin da aka yi masa amma bai faɗi me yake so majalisa ta yi ba. Dole a ƙarshen takarda a ga buƙata ƙarara, misali ina roƙon majalisa ta binciki sallamata ta sa a biya ni haƙƙina na wata kaza zuwa wata kaza. In babu wannan kwamiti ba shi da abin kamawa. Sai zagi, na san rai ya ɓaci, amma ƙa'idojin majalisu suna buƙatar lafazi na mutunci, ka kira mutum ɓarawo a takarda ba hujja ka ba su hanyar ajiye ta gefe cikin sauƙi. Sai rashin sa hannu da adireshi. Sannan in maganar tana gaban kotu majalisa ba ta taɓawa, wannan kusan ko'ina haka yake. A Kenya ma dokarsu ta 2012 a kan kai koke majalisa cewa ta yi sai ka rubuta a cikin takardar ko maganar tana kotu, da kuma ko ka fara zuwa hukumar da abin ya shafa da yadda kuka ƙare. Kuma su a can, sashe na 119 na tsarin mulkinsu na 2010 ya ba kowa wannan haƙƙi, mutum yana iya kai takardarsa kai tsaye ofishin akawun majalisa ba sai ya bi ta hannun ɗan siyasa ba. Ni a ganina haka ya kamata kowace majalisa ta yi, don bai dace haƙƙin talaka ya rataya a kan ko wakilinsa yana ɗaga waya ba.

Abin da zan ce ka yi, ka sake rubutawa, shafi biyu ya isa. Wane ne kai, me ya faru da kwanan wata, ina da ina ka je, me kake roƙo. Ka haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki, ta sallama, da duk wasiƙun da ka rubuta musu, kwafi fa, na asali su zauna a gida. Ka kai ofishin ɗan majalisar da ƙafarka, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin. Bayan sati biyu ko uku ka koma ka tambaya yaushe za a gabatar. In an gabatar ka nemi akawun kwamiti, shi ne mai riƙe da jadawali, sanin sa ya fi maka sanin ɗan majalisa goma.

Wani abu kuma da ba na so ya wuce ka, zuwa majalisa ba ya tsayar da wa'adin shigar da ƙara a kotu. Mutane da yawa suna zaman jiran kwamiti har lokacin da doka ta ba su na zuwa kotu ya ƙare, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Shekara huɗu ta riga ta yi nisa, don Allah cikin satin nan ka zauna da lauya ko ƙungiyar ƙwadagonku ku duba wace hanya ce ta fi maka, tunda in ka shiga kotu majalisa za ta janye hannunta, ba a bin biyun lokaci guda.

TAMBAYA: Malam kullum ana turo mana link a WhatsApp wai mu sa hannu, in an kai mutum dubu ɗari gwamnati dole ta janye abu kaza. Da gaske ne ko cinye mana data kawai ake yi? Daga wata ɗalibar jami'a.

AMSA: 'Yata, kalmar dole ɗin nan ce ba gaskiya ba. Wannan adadi na dubu ɗari akwai shi a tsarin Birtaniya, amma ko a can ba haka yake aiki ba. Majalisarsu tana da shafinta na koke a intanet tun 2015, in koke ya samu sa hannun mutum 10,000 gwamnati za ta ba da amsa a rubuce, in ya kai 100,000 kwamitin koke zai duba yiwuwar a yi muhawara a kai. Muhawara fa, ba canza doka ba. A 2019 sama da mutum miliyan 6 suka sa hannu a kan a fasa ficewa daga Tarayyar Turai, aka yi muhawarar, kuma ranar 31 ga Janairu 2020 Birtaniya ta fice abinta. Kuma wannan shafin na majalisa ne, an rubuta shi a tsarin aikinta. Shafuka masu zaman kansu irin Change.org ba wata majalisa da doka ta ɗaure ta da su, ko mutum miliyan nawa suka taru.

Amma kar ki ɗauka wai aikin banza ne. A majalisar Birtaniyan dai, wani koke a kan ƙarancin kuɗin binciken cutar ƙari a ƙwaƙwalwa ya sa kwamitin ya yi bincike na musamman ya fitar da rahoto a 2016, zuwa 2018 gwamnati ta sanar da ƙarin kuɗi. Me ya bambanta shi da wancan na miliyan 6? Buƙata ce guda takamaimai wadda gwamnati za ta iya yi ba tare da ta rushe manufarta ba, kuma akwai iyalai da likitoci da suka tsaya a kai bayan an gama sa hannu. A Jamus kuwa sashe na 17 na tsarin mulkinsu ya ba kowane mutum, ba ɗan ƙasa kaɗai ba, damar rubuta wa majalisa, ko shi kaɗai ne za a duba a ba shi amsa. A majalisar Sikotilan ma sa hannun mutum ɗaya ya isa.

Akwai wani tarihi da nake yawan tunawa. A 1842 ma'aikatan Ingila da ke neman a ba talaka ƙuri'a sun kai koke mai sa hannun mutum sama da miliyan 3, takardar saboda girma sai da aka warware ta gunduwa-gunduwa kafin ta shiga ƙofar zauren, kuma 'yan majalisa suka yi fatali da ita da ƙuri'a 287 a kan 49. Amma cikin buƙatunsu shida biyar sun zama doka daga baya, ƙuri'ar sirri a 1872, albashin 'yan majalisa a 1911 don wanda ba mai kuɗi ba ma ya iya tsayawa. Yawancin waɗanda suka sa hannun ba su ga ranar ba. Saboda haka ki sa hannu in kin yarda da maganar, amma kafin nan ki duba wa za a kai wa takardar, wa zai kai, kuma me ake roƙo. In ba amsar waɗannan, ƙila lambar wayarki da imel ɗinki kawai ake tarawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, kullum muna ji a rediyo majalisa ta umarci ma'aikata kaza ta gyara hanya, ko ta dakatar da ƙarin kuɗin kaza, amma ba abin da yake canzawa. Su ma'aikatun sun fi ƙarfin doka ne? Daga Alhaji M., direban babbar mota.

AMSA: Alhaji, a nan har mu masu aikin jarida muna da laifi, don kalma ɗaya muke amfani da ita, ƙuduri, a kan abubuwa biyu da ba su da haɗi. Akwai ƙudurin da ɗan majalisa yake kawowa yau a tattauna yau a cimma matsaya, akwai kuma ƙudurin doka. Na farkon ra'ayin majalisa ne, kira ne, yana da nauyi a siyasa amma minista in ya ƙi bi bai karya doka ba. Shi ne wanda kake ji a rediyo kusan kullum, kuma fassara shi da umarni yaudarar mai sauraro ce, ya kamata mu daina.

Ƙudurin doka kuwa tafiyarsa doguwa ce. Karatu na farko sunansa kawai ake karantawa. Karatu na biyu a yi muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya, in ya tsallake a tura kwamiti, a can ne ake bin sa layi-layi, a can ne ake kiran zaman jin ra'ayin jama'a inda ƙungiya irin taku ta direbobi za ta iya kai takardar matsayinta ta kuma yi magana, kuma wallahi abin yana damuna yadda irin wannan zama kamfanoni suke cika shi da lauyoyinsu, mutanen da dokar za ta hau kansu ba ko ɗaya. Daga nan rahoto ya dawo zaure, karatu na uku, in ƙasa mai majalisa biyu ce a kai ɗayar ita ma ta bi matakan nan, in sun saɓa a kafa kwamitin daidaitawa, sannan a kai wa shugaban ƙasa. A Najeriya kwana 30 gare shi, a Amurka kwana 10 ban da Lahadi, in ya ƙi sa hannu majalisa tana iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. In kuma wa'adin majalisa ya ƙare ƙuduri bai kammala ba, a yawancin wurare ya faɗi kenan sai a sake daga farko. Dokar 'yancin samun bayanai ta Najeriya tun 1999 aka shigar da ita, ta wuce majalisa a 2007 ba a sa mata hannu ba, sai Mayu 2011 ta zama doka.

Maganar hanya kuwa, wurin da za ka sa ido shi ne kasafin kuɗi. In aikin bai shiga kasafi ba, ko sau goma aka yi kira a zaure ba kwalta za ka gani ba. In ya shiga, sai tambaya ta koma an saki kuɗin ko ba a saki ba, kuma wannan tambaya ce da kwamitin ayyuka yake da ikon tsare ma'aikata a kanta. Lokacin kare kasafi shi ne lokacin da ƙungiyarku ya kamata ta rubuta, ba bayan an wuce wurin ba.

TAMBAYA: Na kalli zaman majalisa a talabijin, masu cewa a'a muryarsu ta fi ƙarfi amma shugaba ya ce masu e sun yi rinjaye ya buga guduma. Ga kujeru rabi ba kowa. Wannan halas ne? Daga malamin makaranta.

AMSA: Malam, ƙuri'ar murya tsohuwar hanya ce kuma kunnen shugaba ne alƙali, amma ba shi ne ƙarshe ba. Ƙa'idojin majalisu sun ba ɗan majalisa damar ƙalubalantar hukuncin nan take ya nemi a ƙirga. A majalisar wakilan Birtaniya ana kaɗa ƙararrawa, masu e su bi ta wani zaure masu a'a ta wani, a rubuta sunan kowa, washegari duk mai so ya ga yadda wakilinsa ya zaɓa. To in ka ga an buga guduma kowa ya koma ya zauna yana gunaguni, ka tambayi masu a'a ɗin me ya hana su neman ƙirge. Wani lokaci shugaba ne yake kau da kai, wannan zalunci ne kuma sunansa kenan. Wani lokaci kuma su ma ba sa son sunansu ya fito a rubuce. Ni ina cikin masu ganin duk wata doka da ta shafi haraji, bashi ko zaɓe a daina yanke ta da murya.

Kujeru kuwa, kowace majalisa tana da mafi ƙarancin adadin da ake buƙata. Najeriya kashi ɗaya cikin uku, wato sanata 37 cikin 109, wakilai 120 cikin 360. Indiya kashi ɗaya cikin goma. Birtaniya mutum 40 cikin 650 in za a ƙirga ƙuri'a. Kuma galibi ana ɗauka adadin ya cika sai in wani ya tashi ya ja hankalin shugaba. A yi adalci, wasu da ba ka gani a zaure suna zaman kwamiti, ba duka ne 'yan fashin aiki ba, amma rajistar halarta ya kamata a riƙa bugawa kowa ya gani.

TAMBAYA: Wakilinmu tunda aka zaɓe shi ba mu sake ganinsa ba. Za mu iya yi masa kiranye? Daga matasan wata mazaɓa.

AMSA: 'Yan'uwa ya danganta da ƙasa, wasu ma ba su da tsarin sam. A Najeriya sashe na 69 yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ku lura, rabin masu rajista, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. Da aka gwada a mazaɓar sanatan Kogi ta Yamma a 2018, sa hannun da aka tantance kashi 5 ne da ɗoriya cikin ɗari na masu rajista. A Birtaniya kashi 10 cikin ɗari ya isa, amma sai in an ɗaure ɗan majalisar, ko an dakatar da shi na tsawon lokaci, ko an same shi da laifin ƙarya a kuɗin alawus. Shawarata, ƙarfin da za ku kashe a nan ku kashe shi wajen tattara tarihin aikinsa, sau nawa ya halarta, me ya gabatar, koke nawa na mutanenku ya kai, ku rubuta masa gayyatar taron mazaɓa ku ajiye kwafi, lokacin fidda gwani ku baje.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, ban yi boko mai zurfi ba kuma ban san kowa ba. Rufin ajin yaranmu ya yaye tun bara, mun gaya wa hukumar makaranta har mun gaji. Irina za ta iya kai koke majalisa? Daga Maman yara huɗu.

AMSA: Hajiya ƙwarai kuwa, kuma irin naki koken ya fi saurin samun biyan buƙata saboda abu ne da ido yake gani kuma kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Koke ba ya buƙatar digiri ba ya buƙatar lauya. A Amurka tun matan ƙasar ba su da ƙuri'a suke tara sa hannu a kan a hana cinikin bayi, takardu suka yi yawa har majalisar wakilai ta kafa ƙa'ida a 1836 cewa a riƙa ajiye su ba tare da an tattauna ba, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams da ya dawo majalisa ya yi ta faɗa da ƙa'idar nan har aka soke ta a 1844. Waɗannan matan ma ba su san kowa ba.

Abu ɗaya dai, ki tabbatar ƙofar da za ki ƙwanƙwasa ita ce mai maganar. Makarantar firamare a yawancin ƙasashe tana hannun ƙaramar hukuma ko jiha ko lardi, in kika kai majalisar ƙasa za a ce ba huruminsu ba ne, wata shida sun tafi a banza. Ki fara da kansila da ɗan majalisar jiha. Ku haɗu ku iyaye, ku faɗa da bakinku wani malami ko ɗalibi ya rubuta, a karanta muku ku ji ko abin da kuka faɗa ne, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa a rubuta sunansa a gefe. In majalisar da harshen gwamnati kaɗai take aiki, ku haɗa da fassara, naku na asali ma ku liƙa shi. Ku sa hoton ajin, yawan yaran da ke ciki, ranar da rufin ya yaye, da ranakun da kuka kai kuka hukumar makaranta. Buƙata guda ɗaya tak, a gyara rufin aji kaza kafin ruwa ya sauka, kar a cusa maganar kujeru da malamai da rijiya a takarda ɗaya, waɗannan a bar su zuwa koke na gaba. Ku zaɓi mutum biyu masu bin sawu, a sa lambar wayarsu a ƙasa, kuma ranar da kuka kai kar ku baro ofishin sai an buga muku hatimi a kwafinku. In kin yi haka ki sake rubuto min bayan wata ɗaya ki gaya min ranar da kuka kai da abin da aka ce muku, zan buga shi a wannan fili in sha Allahu.